Maigida na so a ɓamɓare daɓen katakon falo a sa tayil

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a Kaduna. Bara muka koma gidan mahaifin maigidana, Allah ya jiƙansa, tsohon gida ne da aka gina tun shekarun 1970. Falon da ɗakin cin abinci duk daɓen katako ne, irin guntayen nan da ake jerawa kamar saƙar tabarma. Wani kafinta da ya zo gyara mana ƙofa ya ce katakon itacen loko ne. Katakon yana burge ni ƙwarai, amma ya sha wuya. Yara sun kakkarce shi da jan kujeru, tukunyar gas ta faɗi ta lotsa wuri guda, garwashin turaren wuta ya ƙona wani wurin, ga baƙin tabo a bakin ƙofar baranda, ga fararen tabo inda ake ajiye kular abinci. Guntaye kusan goma sha biyu suna motsi in an taka. Da hunturu kuma tsagogi suka buɗe a tsakaninsu har ƙura na shiga. Kullum sai na sa an wanke shi da mofa da garin sabulu, amma sai ƙara dusashewa yake. Yanzu maigida ya ce ɓamɓare shi za a yi a sa tayil kowa ya huta. Ni ba na so, amma ba ni da hujjar da zan ba shi. Shin yana gyaruwa, ko in haƙura?

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan Baba, ya sa albarka a zamanku a gidan.

Yana gyaruwa. Cikin duk abin da kika lissafa, biyu ne kawai suka tsayar da mu: baƙin tabon bakin ƙofa da guntayen da ke motsi, domin duka biyun aikin ruwa ne. Karce da farin tabo da dusashewa kuwa, yawancinsu a kan banish suke, wato man ƙyallin da ake shafa wa katako a sama, ba su ma kai ga katakon ba. Guntun daɓe na wancan zamani yakan kai kaurin santimita 2, wasu kuma sirara ne, milimita 8 zuwa 10, alhali karcen da ya fi tayar miki da hankali da wuya zurfinsa ya kai milimita 1. Loko kuma katako ne mai ƙarko, gara ba ta cika son cikinsa ba, kuma samun busasshensa mai kyau irin wannan a kasuwa yanzu ba ƙaramin aiki ba ne.

Daga yau a jingine mofa. Ruwan da take zubarwa yana bin tsagogi ya sauka ƙarƙashin guntayen, inda ba ya samun iskar da zai bushe. Katakon ya sha ya kumbura, ya bushe ya tsuke, yau da gobe har ya rabu da abin da aka manna shi da shi. Garin sabulu kuma yana cin ƙyallin banish, ya bar wani fari-fari a sama, shi ne dusashewar da kike gani. A riƙa sharewa kullum da tsintsiya mai laushi, domin yashin da ke shigowa a ƙafa shi ne yake goge banish a hankali. Sau ɗaya a mako a goge da tsumma da aka tsoma a ruwa lita 5 mai ɗigo biyu ko uku na sabulun wanke-wanke, a matse shi har ya daina ɗiga ko kaɗan, a bi bayansa da busasshe.

Kafin ki kashe ko naira ɗaya, ki gano ko ruwan daga sama kawai yake, ko yana tasowa daga ƙasa. Ɗaga guntaye uku ko huɗu cikin masu motsi da suke kusa da juna, har simintin ya bayyana. Shimfiɗa leda mai kauri a kansa, ki like gefenta duka da salatif yadda iska ba za ta shiga ba, ki bar ta kwana biyu. Idan kin ɗaga kin tarar da gumi a jikin ledar, ko simintin ya yi duhu, to danshi na tasowa daga ƙasa, kuma duk abin da aka manna a kai zai sake sakewa. Sai a nemi mafarinsa: bututun da ya fashe, ko ruwan indararo da ke taruwa a gindin bango, ko baranda da ta karkato ruwa zuwa cikin ɗaki. Ki kuma duba bayan guntayen da kika ɗaga da katakon da ke bin gindin bango. Hanyoyin ƙasa na gara, ko ƙananan huji masu zubar da gari mai laushi, alama ce ta ƙwaro, sai an yi feshi kafin gyara.

A nan ne za mu yi wa maigida adalci. Idan danshin daga ƙasa yake tasowa a ko'ina a falon, ko gara ta cinye cikin guntaye da yawa, ko kin bi daɓen kina ƙwanƙwasawa da ƙotar wuƙa kin ji kusan kashi ɗaya cikin uku yana amon holoƙo, to maganarsa tana kan hanya, wannan ya wuce ƙaramin gyara. Amma guntu goma sha biyu a falo da ɗakin cin abinci ba su kai ko kusa da haka ba.

A fara da masu motsin, domin babu amfanin goge abin da bai zauna ba. Kowane guntu da za ki ɗaga, ki rubuta masa lamba da alli a bayansa, ki rubuta irinta a gurbinsa, da alamar gefen da ya fuskanta. Shekaru sun sa kowanne ya ci daidai da maƙwabtansa, in aka juya shi sai ya yi tudu ko ya ƙi shiga. Za ki tarar da wani baƙin abu mai kama da kwalta a ƙasa, da shi ake manna irin wannan daɓe a da, kuma in ya tsufa yakan bushe ya farfashe. A kankare shi da faffaɗan ƙarfen da masu fenti ke kankare bango, daga bayan katakon da gefunansa da kuma kan simintin. Kada a goge shi da sanfefa ko inji, kada kuma a narka shi da wuta: wasu tsofaffin irinsa suna ɗauke da sinadarai masu cutar da huhu. A ɗan yayyafa ruwa kaɗan don ƙura ta kwanta, a sa takunkumi da safar hannu, a kwashe ɓarɓashin a leda.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne amfani da farin gam na kafintoci. Wannan gam ɗin katako da katako yake haɗawa, ba ya kama kwalta, kuma danshin siminti yana kashe shi. A nemi gam na daɓen katako, irin na foliyuriten, a wurin masu sayar da kayan gini, a tambaya ko yana kama wurin da aka taɓa sa kwalta. Da yake loko yana da ɗan maiƙo a jikinsa, a goge bayan guntun da tsumma mai ɗan sifirit, a bar shi minti goma ya sha iska. A shafa gam a kan simintin kaurin milimita 2 zuwa 3, kada a cika, a danna guntun a gurbinsa, a ɗora wani katako a kansa a bubbuga da guduma a hankali har ya yi daidai da na gefensa. Gam ɗin da ya tsattsafo a goge nan take. Sai a shimfiɗa leda, a ɗora faifan katako, a aza jarkar ruwa mai lita 25 a kai, a bar shi awa 24 ba a taka ba.

Sai baƙin tabon. Farin tabo yana nufin danshi ya maƙale a cikin banish, baƙi kuwa yana nufin ruwa ya ratsa banish ya daɗe a cikin katakon kansa. Idan akwai ƙarfe a wurin, kamar ƙofar ƙarfe mai tsatsa, baƙin yakan fi tsanani, domin tsatsa da ruwa suna haɗuwa da sinadarin da ke cikin katako su rina shi. Da farko a toshe hanyar ruwan, a sa wa ƙasan ƙofar roba ko a yi mata ɗan tudu daga waje. Sannan ki soka bakin sukundireba a tsakiyar tabon. Idan ya nutse, katakon ya ruɓe, sai canji. Idan da tauri, a zagaye guntayen da abin ya shafa da salatif ɗin takarda daidai kan layin haɗinsu, a goge banish ɗin da sanfefa mai lamba 100 ko 120 har katako ya fito fili. Kullum a bi tsawon jijiyar katakon, kada a gitta ta, domin karcen da ya gitta jijiya yana ɓuya sai an shafa banish ya fito ɓaro-ɓaro.

Idan baƙin bai yi zurfi ba, haidirojin da ake wanke ciwo da shi yakan isa: a jiƙa farin tsumma da shi, a shimfiɗa a kan tabon, a rufe da leda, a riƙa dubawa duk bayan awa biyu. Idan ya ƙi, sai okzalik asid, wani farin gari da ake samu wurin masu sayar da sinadarai. A narka giram 60 a ruwan ɗumi lita 1 cikin roba, ba cikin kwanon ƙarfe ba, a shafa da burushi a kan guntun gaba ɗaya, ba kan tabon kaɗai ba, don kada ya bar zobe mai haske. In ya bushe a duba, ana iya maimaitawa sau biyu ko uku. Daga ƙarshe a goge da ruwa lita 1 mai cokali biyu na bekin soda don kashe kaifinsa, a sake gogewa da ruwa zalla, a bar shi ya bushe aƙalla kwana ɗaya. Guba ne, don haka safar hannu dole ce, yara su yi nesa, ragowar kuma kada ta kwana a kwalbar abin sha. Bilic ɗin wanki ba ya cire irin wannan tabon, sai dai ya koɗar da katakon.

Fararen tabon kular abinci ba su da wuya. Ɗora busasshen farin ƙyallen auduga a kai, ki bi da dutsen guga mai ɗumi kaɗan, ba tururi, daƙiƙa biyar zuwa goma, ki ɗaga ki duba. Zafin yana fitar da danshin da ya maƙale. Wanda ya ƙi, shafa masa basilin ya kwana, ki goge da safe.

Lotsawar tukunyar gas ita ma dutsen guga ne maganinta, amma wannan karon da ruwa. Duba da kyau tukuna: idan jijiyar katakon ta danne ne kawai, tururi zai kumbura ta ta taso, idan ta yanke ko ta tsage, tururi ba zai dawo da abin da ya karye ba. Banish yana hana tururi shiga, don haka a goge shi daga kan guntun. A ɗiga ruwa kaɗan a ramin, a jira minti biyar, a ɗora tsumma mai danshi da aka ninka biyu, a danna bakin dutsen guga mai zafi daƙiƙa goma zuwa goma sha biyar. A maimaita sau huɗu ko biyar. Loko yana da tauri, ba lallai ya dawo daidai gaba ɗaya ba, amma yakan taso yadda ido ba zai kama ba. A bari ya kwana ya bushe kafin a goge.

Ƙunar garwashi kuma a kankare baƙin da bakin reza ko ƙaramar wuƙa har katako mai lafiya ya fito. Idan ramin bai wuce milimita 1 ba, a baje shi da sanfefa zuwa faɗin guntun duka. Idan ya kai 2 ko 3, sai cike. Garin da ya fita lokacin goge katakon nan, mai laushin, shi za a tara a kwaɓa da ɗan banish ɗin da za a shafa, ya yi kaurin man gyaɗa, a cusa a ramin ya ɗan haura baki domin yana tsukewa in ya bushe. Wasu da farin gam suke kwaɓawa, yana kamawa, amma yana bushewa da duhu fiye da katakon. Rami mai zurfi ya fi son gam ɗin nan mai haɗi biyu, wanda ake gauraya kashi biyunsa kafin ya kama, shi ma a gauraya shi da garin. Duk da haka ciko ciko ne, ido zai gan shi. Idan ƙunar a tsakiyar falo take, akwai dabarar da ta fi: a ciro guntu lafiyayye daga ƙarƙashin kabad ko bayan doguwar kujera, inda ba mai gani, a sa shi a gurbin ƙonannen, shi kuma ƙonannen a kai shi can. Launinsu ɗaya, kaurinsu ɗaya, shekarunsu ɗaya. Haka za a yi wa wanda ya ruɓe a bakin ƙofa. Idan dole sai an yanko sabo don cike ɓoyayyen gurbin, kafinta ya yanko daga tsohuwar ƙofa ko tsohon tebur. Katakon kasuwa sau da yawa ɗanye ne, in aka manna shi zai tsuke ya bar rata kafin hunturu ya fita.

Karcen kujeru kashi biyu ne. Goga farcenki a kai. Wanda farce bai maƙale ba a banish kawai yake, kuma shafe ɗaya na sabon banish zai haɗiye shi. Wanda farce ya maƙale, launin cikinsa kuma ya fi haske, ya kai katako: a goge guntun da sanfefa mai lamba 120, sannan 180, sannan 220, kada a tsallake, a naɗe sanfefar a jikin ɗan katako mai baje don kada yatsa ya yi kwari.

Tsagogin hunturu kuwa, shawararmu ita ce ki ƙyale su. A Kaduna danshin iska yakan haura kashi 80 cikin 100 a watan Agusta, ya sauko ƙasa da kashi 20 da rana a Janairu da Fabrairu. Katako yana bin wannan, yana tsukewa ta faɗinsa da rani, ya kumbura da damina. Duk tsagar da aka cike a Janairu, in damina ta zo katakon ba shi da wurin komawa, sai ya matse cikon ya tofo shi, ko guntayen su turi juna su yi tudu. Ki jira ƙarshen Satumba. Tsagar da ta rufe da kanta lafiyarta ƙalau. Wadda ta rage a buɗe ita ce za a cike: siririya da kwaɓin garin katako, wadda ta haura milimita 3 kuma da siririn tsinken katako da aka shafa wa gam a gefe ɗaya kawai. Ratar da ke gindin bango, kusan santimita 1, da gangan aka bar ta, kada wani ya toshe ta da siminti.

Kafin shafa komai a sama, ki san abin da ke kan daɓen. Je wani lungu ki kankare shi da kwabo. Idan abin ya taru da laushi kamar kaki, an daɗe ana shafa folish mai kaki. Idan ya fita fari-fari yana ɓarewa, banish ne. Wannan yana da muhimmanci domin banish ba ya kama kaki, zai yi ƙyalli mako biyu sannan ya fara saɓulewa. Inda akwai kaki sai an wanke shi da wayit sifirit, wato ruwan da masu fenti ke tsinka fentin mai da shi, da tsummoki masu yawa, ana canjawa har tsumma ya daina ɗaukar launi. Kada a kawo tina ta fentin mota, tana narka tsohon banish ta ɓata wuri. Saboda haka ne ma ba mu ce ki ɓoye karce da man takalma ko kala ta yara ba, ko da yake suna ɓoyewa: kakin da ke cikinsu zai hana gyara na gaba zama.

Banish ɗin da ya dace shi ne foliyuriten na daɓe. Dubi ƙyallin tsohon, mai sheƙi ne ko mai dishi-dishi, a sayi irinsa, a gwada a lungu tukuna. Lita 1 yakan rufe kusan murabba'in mita 10 a shafe ɗaya, don haka ƙaramin gwangwani ya ishi faci. Alherin irin daɓenki shi ne kowane guntu yana da iyaka: a tsaya da shafe daidai kan layin haɗi, faci ba zai nuna baki ba. A share ƙura tas, a tsinka shafen farko da wayit sifirit kashi ɗaya cikin goma idan banish ɗin mai mai ne, a shafa siriri. Shafe mai kauri yana bushewa a sama ya bar ciki ɗanye. A ba shi awa 24, domin banish mai mai yana jinkirin bushewa a kan loko. A bi da lamba 220 sama-sama, a share, a ƙara na biyu, sannan na uku. A cire salatif tun banish yana ɗanye. Ana iya takawa da safa bayan kwana biyu, kujeru su jira mako guda, kafet kuma mako uku. Tsummokin da suka sha mai a baza su waje su bushe ko a tsoma su a ruwa, domin in aka dunƙule su wuri guda suna iya kama wuta da kansu. Ƙurar loko tana sa ƙaiƙayi da tari, tana kuma tayar da asma, don haka mai goge ya sa takunkumi, mai asma ya bar ɗakin.

Za ki ga wurin da aka goge ya fito rawaya-rawaya kusa da tsohon mai duhu. Kada ki yi saurin rina shi. Haka loko yake, haske ne ke mayar da shi ruwan ƙasa cikin 'yan watanni, kuma wanda aka rina ya yi daidai yau, baɗi zai fi sauran duhu.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ruwa ya ɗauke, ƙura ba ta sauko ba, ana iya buɗe tagogi ba tare da ta kwanta a ɗanyen banish ba.

Game da maigida, kada ki ja da shi da baki. Roƙe shi ya ba ki wuri guda, mita ɗaya tsawo da faɗi, kuma ki zaɓi inda ya fi muni, wato bakin ƙofar barandar. Ki nuna masa sakamakon gwajin leda da idonsa, ko mai daɗi ne ko akasin haka. Sannan ku zauna ku lissafa kuɗin ɓamɓara da kwashe ɓaraguzai da kankare kwalta da sabon siminti da tayil da ladan mai aiki, ku aza su kusa da kuɗin gam da sanfefa da banish da kafinta na kwana uku ko huɗu. Idan ya amince, manna guntaye da musanya su a bar wa kafinta yana yi kina kallo, sauran kuwa kina iya yi da hannunki. Kafin a mayar da kujeru, a yanka guntayen tsohon kafet a manna a ƙarƙashin kowace ƙafa, kaskon turare kuma a riƙa ɗora shi a kan faffaɗan tiren ƙarfe mai ɗan yashi a ciki.